Babi na Shida: Idan Zane Ya Saɓa da Tef

Manhajar AutoCAD ba ta san mita ba, ba ta san inci ba, ba ta san taku ba. Tun da kamfanin Autodesk ya fito da ita a Disambar 1982, lambobi zalla take ajiyewa: wannan ɗigo yana nan, wancan yana can, tsakaninsu 4000. Dubu huɗu na me? Wannan ya rage wa mai zane. Akitek zai ce milimita yake nufi, wato bango mai tsawon mita huɗu. Safiyo, wanda ya saba aiki da mita, kilomita huɗu zai gani. Ba'amurke mai zanen ƙofofi da tagogi kuwa inci dubu huɗu zai karanta, abin da ya haura mita ɗari. Muddin kowa yana cikin fayil ɗinsa, lafiya lau. Rigima tana tashi ne ranar da aka haɗa aikin wani da na wani, kuma babu ginin da ake gamawa ba a yi haka ba.

Idan awo ya ƙi daidai, maganar da ta fi sauƙin faɗa ita ce kwamfuta ta yi kuskure. Da wuya hakan ya zama gaskiya. Manhajar tana lissafi da lambobi masu gurbi goma sha biyar zuwa sha shida, daidaiton da babu tef ɗin da ya kusance shi. Abin da aka ba ta shi take mayarwa. Sai dai tsakanin layin da aka ja da lambar da birkila zai karanta a takarda akwai zango da yawa, kuma a kowane zango lambar tana iya sauya kama. Gyara yana farawa ne da gano zangon da ta lalace, domin maganin wani zango guba ne a wani.

Kuskuren ma'auni shi ya fi sauƙin ganewa, don da kansa yake tona kansa. A raba awon da aka samu da awon da ake tsammani, a dubi abin da ya fito. In 25.4 ne, inci da milimita ne suka cuɗanya, domin tun yarjejeniyar 1959 inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. In 1000 ne, mita da milimita. In 304.8 ne, taku da milimita, in 3.28 ne, taku da mita. Wanda ya ɗauko zanen mota daga intanet ya sa a harabar gida, sai ta fito ta fi gidan girma, ko ta zama ɗan ƙwaro sai an matso sosai kafin a gan ta, ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ce ta cije shi. Akwai saiti mai suna INSUNITS, ana kuma isa gare shi ta umarnin UNITS, wanda yake gaya wa manhajar ma'aunin da fayil yake nufi domin ta daidaita duk abin da aka shigo da shi daga waje. Mutane da yawa suna zaton sauya wannan saiti zai mayar da zanen da aka riga aka yi daga inci zuwa milimita. Ba ya yi. Layin da yake 10 yana nan a 10. Sai an zaɓi zanen gaba ɗaya an faɗaɗa shi da umarnin SCALE sau 25.4, ko a bi ta umarnin -DWGUNITS wanda yake tambaya ko a sauya girman abubuwan da ke ciki. Sau da yawa ma asalin matsalar tun a buɗe sabon fayil ne: acad.dwt an shirya shi ne don masu inci, acadiso.dwt don masu milimita, kuma ɗalibi yakan danna wanda hannunsa ya fara kaiwa.

A wajenmu abin yana da ƙari, domin da harshe biyu muke gini. Ana sayar da fuloti da taku, hamsin da ɗari, ana zana shi da mita, ana sayen bulo da inci. Taku hamsin mita 15.24 ne, taku ɗari kuma 30.48. Amma a baki an saba cewa sha biyar da talatin. Wanda ya zana fili a kan 15 da 30 ya ba shi murabba'in mita 450, alhali hamsin da ɗari na gaske ya kai 464 da ɗoriya. Santimita 24 a faɗi ba ta da yawa a ido, sai ranar da maƙwabci ya zo dasa katangarsa. Haka bulo mai inci tara: a lissafi milimita 228.6 ne, a zane ana sa 225, a masana'anta kuwa gwargwadon abin bugun mai bulo ne, ga filasta ciki da waje da za ta ƙara kauri. Babu umarnin da zai warware wannan. Mai zane ne zai tsai da magana ɗaya, ya rubuta ta a gefen takarda: duk awo da milimita yake, kuma daga jikin bulo ake aunawa, ba daga filasta ba.

To, a ce ma'auni daidai yake, amma har yanzu lambar da ke kan bango ba ta yi kama da gaskiya ba. Tambaya ta farko ita ce: layin ne ba daidai ba, ko lambar da aka rataya masa? Umarnin DIST ne yake raba gardama. A danna wannan ƙarshe, a danna wancan, manhajar ta faɗi ainihin tazarar ba tare da kwalliya ba. Idan DIST ya ce 4000, lambar awo kuma ta ce 800, bangon ba shi da laifi. Salon rubuta awon ne ya karkace. A cikin kowane salo akwai DIMLFAC, lambar da ake ninka awo da ita kafin a rubuta shi, kuma a yawancin aiki 1 ya kamata ta kasance. Tsofaffin hannu suna da ɗabi'ar faɗaɗa wani ɓangare, misali zanen fandisho, sau biyar domin ya fito sarari a takarda, sannan su sa DIMLFAC a 0.2 don lambobin su koma daidai. Dabara ce mai aiki, har sai wani ya ari wannan salon ya auna falo da shi. Wani lokaci kuma umarnin da aka zaɓa ne bai dace ba. DIMLINEAR, in ba a juya shi ba, yana auna tazara a kwance ko a tsaye ne, saboda haka katangar da ta karkata mai tsawon 5000 tana iya fitowa 4000. Karkataccen layi DIMALIGNED yake so, kuma filayenmu kaɗan ne masu kusurwa huɗu daidai.

Akwai kuma abin da yake kama da kuskure amma ba shi ba ne. Tagogi uku a jere, kowace an rubuta mata 1200, jimillarsu a sama an rubuta 3601. Injiniya ya duba ya ce lissafi bai tashi ba. Abin da ya faru shi ne kowace tagar 1200.4 ce, salon awon kuma an ce masa ya zubar da abin da ke bayan ɗigo. Uku sun taru sun ba da 3601.2. A ƙara yawan gurbin da ake nunawa na ɗan lokaci, ta DIMDEC, a duba ko DIMRND yana tattare lambobi zuwa biyar-biyar ko goma-goma, sai ɓoyayyun gutsattsarin su bayyana. Milimita ɗaya ba za ta ka da gini ba. Amma tana nuna cewa an ja layukan da ido ne maimakon a buga tsawonsu, kuma inda aka samu 0.4 yau ana iya samun 40 a wani lungun.

Yanzu ga babban laifi, wanda na fi ƙi a duk sana'ar nan. Mai gida ya kira da yamma ya ce a ƙara wa ɗakin uwargida rabin mita, kuma gobe da safe ake son takarda a wurin aiki. Matashin da ke kan kwamfuta ya duba ya ga idan ya matsar da bangon sai ya taɓa banɗaki, ya taɓa rufi, ya taɓa zanen gaba da na gefe. Sai ya danna lambar 3600 sau biyu, ya goge, ya rubuta 4100. Bango bai motsa ba. An buga takarda, ta yi kyau, an kai. Bayan kwana biyu birkila ya ja igiya ya jera awon ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ya zarce fegin ƙarshe.

"Injiniya, Allah ya ƙara girma, ɗakunan nan fa sun fi gidan tsawo."

"Malam, bi abin da ke takarda mana."

"Ai shi na bi, ranka ya daɗe. Na ciki in an tara sun ce sha huɗu da rabi, na waje ya ce sha huɗu. Wanne zan bi?"

In an yi sa'a a nan maganar take tsayawa, kafin a zuba kankare. In ba a yi ba, birkila ya yanke hukunci da kansa, ya ci rabin mitar daga kicin ko daga hanyar wucewa, ba wanda zai sani sai an zo shigar da firiji. Mugun abin shi ne lambar da aka rubuta da hannu ba ta da wata alama a allo. Ita da ta gaskiya kamarsu ɗaya. Ko daga baya an matsar da bangon, tana nan daram, ba ta bin sa. Ana kama ta ne a allon bayanan abu, wanda Ctrl da 1 suke buɗewa: akwai gurbin da ke nuna awon gaskiya, akwai na rubutun da aka ɗora a kansa. A share na biyun, ko a sa alamar <> a wurin, awon gaskiya ya dawo. Idan zanen babba ne kuma gado aka yi daga hannun wani, umarnin DIMREASSOC da ke cikin Express Tools yana zaƙulo irin waɗannan ya mayar da su. Daga nan sai a yi aikin da aka guje wa tun farko, a ja bangon da STRETCH, a buga 500, a bi duk inda canjin ya shafa. Shugaban ofis da yake matsa wa yaransa su fitar da takarda cikin awa ɗaya yana da kaso a wannan laifi, ko da bai taɓa linzami ba.

Dangin wannan shi ne lambar awo da ta rabu da layinta. Saitin DIMASSOC idan yana kan 2, awo yana manne da abin da yake aunawa, ya bi shi duk inda ya je. A kan 1 ba ya manne. A kan 0 kuwa a wargaje yake fitowa, kibiya daban, rubutu daban. Tsofaffin fayiloli sukan zo da 1. DIMREASSOCIATE yana sake ɗaure su, kuma ba shi ne wanda aka ambata a sama ba, duk da kamar sunan.

Idan kuwa DIST da kansa ya ba da lambar da ba a so, to matsalar ta sauko kan layin. Allo yana yaudara. Layuka biyu da suke kamar sun haɗu a kusurwa, in an matso sosai sai a tarar da rata a tsakaninsu. Shi ya sa aka yi OSNAP, wanda maɓallin F3 yake kunnawa: linzami ya riƙa cafke ainihin ƙarshen layi, ko tsakiyarsa, ko mahaɗarsa da wani. Amma kunna kowane irin cafka a lokaci ɗaya shi ma jidali ne, musamman wanda yake kama duk wurin da ya fi kusa a jikin layi. Mutum yana zaton ƙarshe ya kama, ashe gefensa ne da milimita bakwai. A bar uku ko huɗu da ake buƙata, a kashe sauran, a kuma tabbata F9 bai kunna tsalle-tsallen da ke tilasta wa linzami sauka a kan raga ba.

Akwai wani ɓoyayyen da yake rikita har ƙwararru. Ana kallon zane daga sama, ana ɗauka shimfiɗaɗɗe ne, alhali manhajar tana riƙe da tsayi ga kowane ɗigo. Fayil ɗin safiyo yakan zo da tsayin ƙasa a jikin ɗigoginsa. Idan ƙarshen layi ɗaya ya kama ɗigon da ya fi ɗayan tsayi da mita 9, tazarar da take mita 40 a shimfiɗe DIST zai ce 41 ce, domin gangaren ya auna. Bambanci irin wannan ya fi haɗari a kan wanda ya fito da ɗaruruwan mita, don yana kama da gaskiya. A riƙa karanta duka abin da DIST ya rubuto: bayan tazara yana ba da bambancin X da Y da Z, kuma a zanen shimfiɗe na Z sifili ya kamata ya zama. FLATTEN yana kwantar da komai ƙasa, amma a kan kwafi ake yin sa, kada a shafe wa safiyo aikinsa. Sa OSNAPZ a kan 1 kuma yana hana sabbin layuka ɗaukar tsayin abin da suka kama.

Tun da an zo kan safiyo, akwai bambancin da ba kuskuren kowa ba ne. Duniya a dunƙule take, takarda a shimfiɗe, kuma tsarin UTM da ake shimfiɗe ta da shi yana ɗan matse tazara a tsakiyar kowane yanki da ninkin 0.9996. Najeriya ta faɗa cikin yankuna uku, 31 da 32 da 33. Kano tana cikin na 32, kusa da layin tsakiyarsa, saboda haka kilomita ɗaya a ƙasa tana fitowa a zane da ragin kusan santimita 40. A fuloti mai mita 30 abin bai fi milimita 12 ba, ana iya kau da kai. A titi ko bututun ruwa mai kilomita goma ya zama mita huɗu. Sannan tsofaffin takardun fili da yawa a kan ma'aunin Minna aka yi su, na'urar GPS kuwa da WGS 84 take magana, kuma wuri ɗaya yana iya gocewa da gomman mita tsakanin biyun. Kafin a zargi kowa, a tambayi safiyo da wanne ya yi aiki.

Ko sanin bambancin bai isa ba in ba a san ta ina ya karkata ba. A Laufenburg, inda aka gina gada a kan kogin Rhine tsakanin Jamus da Suwizalan, Jamusawa suna ƙirga tsayi daga matakin Tekun Arewa, mutanen Suwizalan daga na Bahar Rum, tsakaninsu santimita 27. Injiniyoyin sun san da haka, sun kuma sa shi a lissafi, amma a juye. Maimakon ratar ta rufe sai ta ninka zuwa santimita 54, aka gano ana tsakiyar aiki, aka gyara kafin a buɗe gadar a 2004.

Lambobin UTM suna da wani nauyin kuma. A Kano lambar arewa ta haura mita miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. A mayar da ita milimita, gurbi goma sun tafi daga cikin sha biyar ɗin nan tun ba a ja layi ko ɗaya ba. Awo na yau da kullum zai fita, amma cike fili da zane-zane, datse layi da lanƙwasa kusurwa sukan fara gardama, kuma manhajar Revit tana kokawa da duk abin da ya yi nisan da ya wuce kusan kilomita 16 daga cibiyarta. Hanyar da ta fi ita ce a zana gini kusa da sifili, a ajiye fayil ɗin safiyo daban a inda yake, a haɗa su ta ɗigogi biyu da aka sani.

Sauya fayil daga wata manhaja zuwa wata, ko daga tsohon zubi zuwa sabo, shi ne inda manya ma suka sha kashi. Jirgin Airbus A380 ya fara tashi a Afrilun 2005, amma bai isa hannun mai saye na farko, Singapore Airlines, ba sai Oktoban 2007, kusan shekara biyu a makare. Cikin manyan dalilai akwai wayoyin lantarki, kimanin dubu ɗari, masu jimillar tsawon da ya haura kilomita 500. Injiniyoyin Hamburg suna aiki da zubi na huɗu na manhajar CATIA, na Toulouse sun koma na biyar, kuma zubin biyu ba sa karanta juna yadda ya kamata. Da aka zo haɗa sassan jirgin sai wasu damman wayoyi suka gaza kaiwa inda aka nufa. Asarar ta kai biliyoyin Yuro, manyan shugabanni biyu suka sauka a Yulin 2006.

Namu sauyin fayil ɗin ya fi wannan ƙanƙanta, kuma galibi PDF ne ko hoton tsohon fulan da aka turo ta WhatsApp. Tun zubin 2017 AutoCAD tana iya mayar da PDF layuka ta umarnin PDFIMPORT, sai dai layukan suna zuwa da girman takarda, kuma da ƙananan gocewa: bangon 225 ya dawo 224.6. Ana daidaita girman ne da SCALE, a zaɓi R, a danna ƙarshe biyu na wani awo da aka tabbatar, a buga tsawonsa na gaskiya. A zaɓi awo mafi tsawo a zanen, domin kuskuren danna a kan ƙofa mai 900 zai ninku sau da yawa kafin ya kai ƙarshen gida. Sannan a gwada wani awon da ya gitta na farko. Hoton waya da takardar da ta sha naɗi ba sa miƙewa daidai ta kowane gefe, kuma idan tsaye ya yi daidai kwance ya ƙi, babu ninki ɗaya da zai gyara duka biyun. Irin wannan sai a sa shi a ƙasa a matsayin jagora kawai, a sake zana komai da lambobin da aka rubuta, abin da babu lambarsa kuma a je a auno.

Zango na ƙarshe shagon buga takarda ne. An shirya zane a kan A1, mai milimita 594 da 841, a sikelin 1:50. Mai shago ba shi da babbar firinta, ya fitar a A3. Wannan da sauƙi, domin A3 rabin A1 ce ta kowane gefe, sikelin ya koma 1:100, duk da cewa a kusurwar takarda har yanzu 1:50 aka rubuta. Wanda ya fi muni shi ne zaɓin da ke cewa a matse zane ya shiga takarda, wanda yake rage shi da kashi uku ko huɗu cikin ɗari, adadin da ido ba ya gani amma rula tana gani. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a zanen gini cewa kada a auna daga takarda, a bi lambobi. Duk da haka mai walda da kafinta za su ɗora rula in sun rasa lamba, don haka gara a cike musu duk awon da za su nema. A kulle sikelin tagar da ke shafin bugawa don kada juya linzami ya sauya shi, a zana ɗan sandan awo a gefe mai nuna mita biyar, a gaya wa mai shago ya buga a ainihin girma. Kafin a biya shi a ɗora rula a kan sandan: a 1:100 santimita biyar zai ba da, a 1:50 kuma goma.